Ranar da Na Kira Sunan Surukata a Tsakar Gida

Ko da zan manta komai na zamanmu a Fatakwal, ba na jin wannan rana za ta fita daga raina. Lokacin mun koma unguwar Borokiri bayan yaƙin basasa ya ƙare, kuɗin mai ya fara shigowa, maigidana na kawo albasa daga Arewa, kasuwa kuma tana tafiya. Ɗakin haya muke, gida ɗaya da 'yan gari.

'Yata ta fari sunan surukata ta ci. Kowa ya san a wajenmu uwa ba ta kiran irin wannan suna, sai dai ta ce Ummi. To amma maƙwabta ba ruwansu, sunanta na yanka suke kira, har bakina ya saba ban sani ba.

Ran nan muna jiran Inna, uwar maigida, zuwanta Kudu na farko. An daɗe ana gaya mata wai zaman Kudu yana ɓata tarbiyyar mutum, ni kuma na ƙudura sai ta koma da kyakkyawan labarina. Na ɗora miyar ɗanyen kifi, sai na hango yarinyar tana wasa da ruwan kwata. Na ɗaga murya na kira cikakken sunan, na haɗa da "mai kunnen ƙashi". Ina juyawa, ga Inna a bakin ƙofa da ƙullin kayanta. Ta ji komai.

Na durƙusa na ce ina gajiya, ta amsa. Na sake cewa ina gajiya, ta sake amsawa. Maigida ne ya yi gyaran murya kafin in maimaita.

Daga nan kaina ya daina riƙe abu. Na shiga ɗaki ɗauko tabarma, na tsaya a tsakiya ban san me ya kawo ni ba, na fito da tsintsiya. Na koma murhu, ludayi a hannu, ina tambayar kaina ko na sa gishiri. Babu abin da nake ji a kunnena sai muryata tana kiran sunan nan. Na zuba. Can na sake shakka, na ƙara. Ni da nake girkin gidan suna ba tare da ɗanɗanawa ba.

Inna ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana taunawa, sannan ta tambayi ɗanta a hankali ko da ruwan tekun nan ake yin miya a garin. Hawaye ya zubo mini. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta jawo ni kusa da ita.

"'Yar nan, sunan dai nawa ne, kuma na yafe. Sauke laifin daga kanki, ki samu wurin ajiye lissafin gishiri."

Wallahi kamar an buɗe taga. Muka ɗora sabuwar tukunya tare, komai ya dawo mini daki-daki. Da ta koma gida, an ce ba ta da hira sai ta miyar surukarta, ta biyun.

Tun daga ranar na gane kunya da jin laifi suna cinye wuri a kan mutum. Shi ya sa idan na yi wa yaro faɗa ba na aikensa a take. Sai na bari zuciyarsa ta sauka, na ce masa komai ya wuce, sannan in faɗi saƙona, kuma yakan dawo da shi daidai.