Tsohon Inji da Katakon Babana

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Talata Mafara babu kafintan da ya kama ƙafata, na sayi wani tsohon injin katako. Ba don sana'a na saye shi ba, duk da cewa haka na riƙa gaya wa mutane.

Mahaifina kafinta ne, a hannunsa na koya. Yana saurayi ya yi aiki a rumfar kafintocin da aka kafa lokacin ginin dam ɗin Bakolori, can kuma ya haɗu da wani inji da ya zauna masa a rai har tsufa. Inji ɗaya ne, amma shi ke tsaga katako, ya kankare shi, ya huda, ya gyara masa gefe. Mun sha labarin injin nan har mun haddace. An ci tuwo an ƙoshi, labarin inji. Baƙo ya zo, labarin inji. Mahaifiyata takan ce ta san injin nan fiye da wasu danginta na Tsibiri, alhali ko a mafarki ba ta taɓa ganinsa ba.

Da girma ya kama shi idanunsa suka tafi. Kullum da safe nakan ɗauko shi a mashin in kawo shi shago, ya zauna a kusurwa yana sauraron zarto. Wata rana muna aiki ya ce, kamar da wasa, shi dai ba abin da ya rage masa na kwaɗayin duniya sai ya sake jin kukan injin nan sau ɗaya. Ya faɗa ya yi dariya, ni kuwa maganar ta ƙi barina.

Wani abokina mai injin casar shinkafa a hanyar Maradun shi ya kawo mini labari. Ya ce wani tsohon kafinta ya rasu a Bakura, magada suna neman mai sayen kayan aikinsa, ciki har da wani ƙaton inji da ba wanda ya san kansa. Na ɗauki Baba muka tafi. Babban ɗan mamacin ya tarbe mu, aka yi gaisuwa da ta'aziyya har na fara ƙosawa, sannan ya kai mu bayan gida ya yaye wani tsohon tamfol. Kaza ce ta fara fitowa daga ƙarƙashi tana masifa. Injin duk ya yi tsatsa. Baba ya miƙa hannu ya fara shafa shi daga tebur har gindi, yana kiran sunan kowane ƙarfe kafin yatsunsa su kai gare shi.

"Ba shi na ba," in ji shi, "amma uwa ɗaya uba ɗaya suke."

Wanda ya ga fuskata a ranar ya san ba zan ja ciniki ba, ban kuma ja ba. Na tambayi shekarun injin, na tambayi wuƙaƙensa, na tambayi har inda aka fara kawo shi. Abu ɗaya na manta, irin wutar da yake ci.

Muka shigo da shi gari a a-kori-kura, mutanen layi suka taru, ni kuwa ina ta bayani kamar ni na ƙera shi. Muka wanke, muka sa mai, muka zauna jiran a kawo wuta. Da aka kawo na gyara wa Baba zama kusa, na danna. Injin ya yi wani gurnani a maƙoshi ya yi shiru. Mai gyaran wuta da ya zo ya duba ya ce wannan wutar masana'anta yake so, mai layi uku, wadda kaf unguwarmu babu ita. Ranar na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida Baba ya dafa kafaɗata daga baya ya ce ba komai, ai ya taɓa shi, hakan ma arziki ne. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Injin ya zama wurin aje kwanon abinci. Baba kuma tari ya sa shi gaba, zuwa shago ya fara gagara. Abokina ya ce akwai dabara: a cire abin wutar gaba ɗaya, a sa bel, injin casarsa ya ja shi. Sai dai lokacin kakar shinkafa ce, buhuna jibge a ƙofarsa daga safe har yamma, ya ce in yi haƙuri aiki ya lafa. Na kai wa Baba labari ina murna.

"Allah shi kai mu," ya ce. "In ban kai ba, kai ka jiye mani."

Na maimaita wa abokina maganar nan ba don komai ba, don dai ta yi mini nauyi. Washegari da hantsi sai ga shi da mota da mai walda. Muka loda injin, muka ɗauki Baba, muka nufi wurin casarsa.

A tsakiyar aiki ya kashe injin casa. Ya bi masu shinkafa yana ba su haƙuri yana gaya musu dalili. Na zata za a yi rigima, sai wata tsohuwa ta ce shinkafa ba gudu take yi ba, a bar dattijo ya ji abinsa. Suka koma inuwa suka zauna kallo. Bel ya zame, muka mayar, ya sake zamewa, gumi ya jiƙe ni sharkaf. Da muka ƙara ɗaure shi sai wuƙaƙen suka ɗauka, kukan ya tashi a hankali har ya cika wurin.

Baba ya ce a matso da shi. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen ƙarfen ya tsaya haka, hawaye na bin gemunsa, bakinsa yana motsi. Na tura wani dogon katakon maɗaci mai faɗi, ya fito sumul. Baba ya shafa shi daga wannan kai zuwa wancan, ya kai hanci ya shinshina, ya ce a aje masa wannan.

Sau da yawa bayan nan na ce bari in sa wa katakon ƙafafu Baba ya samu bencin shan iska. Yakan ce in bar shi haka nan, kada in buga masa ko ƙusa ɗaya. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Bai ga damina ba. Safiyar da ya rasu, ana shirin tura mutane saro itacen da za a jera a kabari, mahaifiyata ta kira ni ɗaki. Ta jawo katakon daga ƙarƙashin gado, inda yake aje tare da likkafanin da ya tanadar wa kansa.

"Cewa ya yi kai za ka yanka shi da hannunka," ta ce. "Shi yaka so a rufe shi da shi."

Da zartonsa na yanka. Muka jera gutsattsarin ta wajen kansa, muka cika sauran da itace.

Injin yana nan, na samar masa nasa abin jan, da shi nake ciyar da iyali. An sha tayawa, ban taɓa ko sauraro ba. Abokina kuwa ban san da wace kalma zan gode masa ba, shi ma ba ya son a tayar da zancen. Ina kewar Baba, kewa irin wadda shekaru ba su rage komai a cikinta ba. Sau ɗaya ya ce yana son ji, sau ɗayan kuma ya ji. Sauran ni aka bar wa, shi ya sa duk safiya idan na tayar da injin nakan ɗora hannu a gefen ƙarfen in tsaya tukuna, in jiye masa, kafin in ɗauki katako.