Zanin Goyon Mama Ya Je Agwada Ya Dawo

Ana kiran sallar asuba a masallacin bayan layinmu muka tashi daga Sabon Garin Keffi. Ku da kuke ta tambayar me ya sa lemar POS ɗina take naɗe kwana biyu, ga dalili.

Kun san harbin da aka yi a bakin layinmu watan jiya, wanda ya ci ran mai keken nan. A gabana ya faɗi. Abin da ba ku sani ba, da aka watse, yaran da suka yi abin sun danƙa wa ƙanena bindigar ya ajiye musu. Bai harba ba, amma ya karɓa. Gari na wayewa ya gudu da ita ƙauyen Agwada wajen Kawunmu. Su kuma suka fara aiko saƙo suna neman kayansu, Mama ta kwanta da hawan jini.

Akwai haɗin kai da iyayen unguwarmu suka yi, na coci da na masallaci, har da masu gareji. In yaro ya yarda zai rabu da bindiga, ba sa barinsa shi kaɗai. Sai su sanar da 'yan sanda tukuna, manya su je su ɗauko shi, a naɗe bindigar a zanin da uwarsa ta goya shi da shi, a kai ta ofis. Daga nan wani mai sana'a ya tsaya masa, ya ɗauke shi koyon aiki. Sun yi wani ƙarin bayani ranar da suka zo gidanmu, amma wallahi ban ji ba, tsoro ya toshe mini kunne. Na dai ji maganar zani. Mama ba ta iya tashi, shi ya sa ni na riƙo shi.

Tare da ni akwai Uwar Zumunta, wato shugabar matan cocinmu, da wani malam mai walda daga unguwar Yara, wanda ya ce zai ɗauki ƙanena aiki. Sai direba, mutumin da ya ɗauka duk wani rami a hanya abokin gabarsa ne.

Mun bar Keffi gari bai gama haske ba, amma tuni tasha ta cika da ma'aikatan Abuja, kowa da jaka da barci a ido, suna kokawar mota. Mu muka juya musu baya. Duk inda na san gona ce da muna yara, yanzu bulo ne da allon sayar da fili. Sai da muka sauka daga kwalta sannan gidaje suka ƙare, masara da doya suka karɓi gari. An kwana ana ruwa, jar ƙasar nan ta zama kamar kunu. Sau da dama muka sauka muka tura mota, Uwar Zumunta na ciki tana ba mu umarni ta taga. Mun tsaya a wani ƙauye muka sayi ƙosai da dafaffiyar masara, arha kamar kyauta in ka kwatanta da Keffi. Nawa ƙosan ya huce a hannuna. Wata tifa ta yi ƙara a bayanmu, sai ga ni a ƙarƙashin teburin mai ƙosai. Matar ta yi dariya, da ta ga fuskata sai ta daina.

Da hantsi muka isa. Ƙanena ya rame, ya yi baƙi, yana tsugune bayan rumbu yana kallonmu kamar zai zura da gudu. Na buɗe leda na fito da zanin, tsohuwar atamfa ce ruwan ƙasa da ta koɗe a tsakiya, daidai inda bayan Mama yake. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Anti, tana da rai dai ko?” Na ce tana da rai, kai take jira. Sai ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa.

Matsalar da ba mu zata ba ita ce Kawu. Ashe ƙanena a cikin kunyar doya ya binne bindigar, a gonar Kawu, kuma ya manta wace ce. Kawu ya ce ko gwamna ne ya zo ba za a tone masa doya ba ta nuna ba. Uwar Zumunta ta ja shi gefe suka yi ta yare. Ban san me ta ce ba, na dai ga ya ɗauko fartanya da kansa, yana tafe yana mita. Ya bi layi yana kallon ganye, ya tsaya a wata kunya da ganyenta ya yi yaushi, ya ce, “Nan ɗan banzan ya taɓa mini saiwa.” A nan kuwa bindigar take, cikin leda baƙa. Ƙarama ce, ƙirar gida, ba ta kai tsawon ludayi ba. Wannan ɗan abin ne ya kwantar da mutum a gabana. Malam ya duba ta, ya cire abin da ke ciki, ƙanena ya naɗe ta a zanin da hannunsa.

Matar Kawu ta daka mana sakwara, Kawu kuma duk da fushinsa ya cika mana bayan mota da doya. Da Malam ya tafi sallar azahar, Uwar Zumunta ta ajiye ƙunshin a kujera ta zagaya bayan gida. Na tsaya ina kallonsa a fili haka, ga shingen jami'ai da muka wuce da safe yana jiranmu. Duk wanda ya taso a hanyar nan ya san inda ake sa abin da ba a so a gani. Na ɗauke shi na cusa can ƙarƙashin doya, na jera manya a kai. A raina ceton ƙanena na yi.

Uwar Zumunta na shiga mota barci ya ɗauke ta, Malam na gaba bai waiwayo ba. Sai da muka hau kwalta, muka hango tayoyi da gangunan shinge, ta farka tana lalube cinyarta.

“Ina zanin?”

Na ce, “Na ɓoye shi, Uwa. Yana ƙarƙashin doya.”

Malam ya juyo, ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ya ce, “'Yata, wadda ke kan cinya kowa na gani, ita ce aka kawo. Wadda aka tono a ƙarƙashin doya, kama ta aka yi. Kin gane bambancin?”

Na gane, amma mun riga mun shiga layi. In direba ya tsaya muka buɗe bayan mota muna tone-tone a gabansu, ya fi muni. Na ji ƙanena yana laluben marfin ƙofa. Na san in ya fita da gudu a wurin nan, gawarsa zan kai wa Mama. Na cusa hannuna cikin bel ɗinsa na murɗe, na ce sai dai ka ja ni mu tafi tare.

Uwar Zumunta ba ta jira an tambaye ta ba. Ta sauke gilashi, ta ɗora hannayenta biyu a waje, ta ɗaga murya. “Ofisa, ɗana, sannu da aiki. Bindiga muka ɗauko za mu kai ofishinku na Keffi, sun san da zuwanmu. Tana baya ƙarƙashin doya, yarinyar nan ce tsoro ya sa ta ɓoye. Ba mai taɓawa sai kai.”

Aka ce duk mu fito, hannu sama. Ni hannu ɗaya na ɗaga, ɗayan yana bel. Jami'in ya yi ta sauke doya har ya kai ga ƙunshin. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon zanin fiye da abin da ke ciki. Ya kira waya, muna tsaye cikin rana, ban san tsawon lokacin ba. Da ya gama ya mayar da ƙunshin yadda yake, ya ɗora wa Uwar Zumunta a hannu, ya haɗa mu da ɗayansu ya raka mu. Ya dube ni ya ce, “Ke kuma sake shi haka, wandon zai faɗi.” Ban sake ba sai a ƙofar ofis.

An daɗe ana yi wa ƙanena tambayoyi, kuma zai riƙa komawa duk ranar da aka neme shi. Malam ya tsaya masa, limamin unguwa da fastonmu suka zo suka zauna har aka gama. Yaran nan kuwa labari ya riga ya kai musu cewa kayansu na hannun hukuma, ba sauran abin nema a gidanmu. Ko za su ƙyale mu, ban sani ba. Iyayen unguwa sun ce su ma gidajensu za a je.

Sai bayan isha muka shiga gida. Mama ta karɓi zanin kafin ta karɓi ɗanta, ta shinshina, ƙasa da man inji, sannan ta jawo shi ta rufa masa a kai tana kuka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, tun ranar harbin nake ɓoyewa. Na ɓoye wa maƙwabta, na ɓoye muku, na ɓoye a ƙarƙashin doya, kuma ɓoyon ne ya kusa kashe mini ƙane. Tsohuwar da ta buɗe baki ta faɗa da ƙarfi ita ta dawo da shi gida. Shi ya sa na rubuta muku wannan, da izinin Mama da nasa.

Yau da safe ya fara zuwa shagon Malam a Yara. Na raka shi, aka buga guduma a kan ƙarfe, na zabura har na yar da jakata. Shi ne ya sunkuya ya ɗauko mini, ya ce, “Anti, ƙofa ce muke yi.”