Tubalin Wada a Baƙar Ƙasa

Shekara ashirin da biyu na yi ina maƙwabtaka da Wada direban tarakta a Gadarif ta ƙasar Sudan, inda nake koyarwa, ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Iyayensa sun baro Haɗeja da niyyar aikin hajji, tafiya ta tsaya musu a nan. Shi kuwa tun yana saurayi yake huɗa a manyan gonakin Simsim.

A daminar 1981 mahaifiyarsa Hajo ta zame a taɓon tsakar gida tana riƙe da butar alwala, ta gurɗe ƙugu. Ta warke, amma tsoro ya hana ta fitowa muddin ƙasa na da danshi. Wada ya rantse ba za ta sake taka laka ba.

Da aka sayar da riɗi, ya kirawo Usta Jibril magini ya auna tsakar gidan. Jibril ya ce jan tubali zai ci jinai ɗari biyu na kuɗin Sudan, yashi da tsakuwar da za a shimfiɗa a ƙarƙashi kuma ɗari uku.

"Usta, abin da za a binne ya fi abin da za a taka tsada?" in ji Wada.

"Baƙar ƙasa ce, ta kumbura da damina, ta tsage da rani. Ka fi ni saninta."

"Shi ya sa ba sai ka koya mini ba."

"To, ka kula mini da tubalin. Zan zo in kwashe shi da araha."

Wada ya sayi tubali kawai. Ya yi wa tsakar gidan abin da ya saba yi wa gona: ya kafce ta, ya farfasa dunƙulenta, ya lausasa ta kamar zai shuka dawa, sannan ya jera tubalinsa a kai. Na leƙa ta katanga na ce ƙasar daɓe dannewa take so, ba sassautawa ba. Ya ce, "Ustaz, kai da alli ka san ta, ni da garma."

Ruwan fari ya sauka saura kwana biyar ya koma Simsim shuka. Wasu tubalan suka nutse, wasu suka ɗago kai, ruwa ya kwanta a tsakani. Hajo ta duba daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, a da taɓo kaɗai nake tsoro. Yanzu ka ƙara mini abin tuntuɓe."

Yini biyu yana kai da kawowa, ya ciro tubali, ya mayar, ya sake cirowa. A rana ta uku ya nufi wurin Jibril, ya jure dariyarsa. Jibril ya karɓi kashi biyu cikin uku na tubalin a madadin lori guda na yashi da tsakuwa. Suka haƙa rami iya gwiwa daga ƙofar Hajo zuwa banɗaki, suka cika, suka danne, suka jera sauran tubalin. Ragowar tsakar gidan ta koma laka.

Ranar tafiya an wayi gari da yayyafi. Lorin Simsim na ta hon a waje, Wada ya ƙi fita.

"Inna, ki taka mana in gani."

Ta dogara sandarta, ta bi hanyar a hankali har ƙarshenta, ta juyo. "Ta yi siriri," in ji ta, "amma ba ta motsi. Je ka, kada su bar ka."