Gwiwar Kaka

Har yau in na ji ƙamshin man riɗi da aka ɗumama da citta, sai in ga kaina a soron gidanmu na unguwar Balad da la'asar, gwiwar kakata ta hagu a kan cinyata.

Kaka siririya ce, iskar teku ma sai ta so ta ɗauke ta. Gyaɗa da ƙuliƙuli take sayarwa a kasuwar Bab Makka. Da ƙafa ta zo ƙasar nan mai tsarki cikin ayari daga ƙasar Hausa tana da ƙuruciya, shekara da shekaru suna tafe, suna tsayawa su yi noma, su ƙara gaba. Shi ya sa da ciwo ya fara sauko mata daga cikin cinya zuwa gwiwa, kowa a unguwa ya zama likita: hanya ce ta fito mata. Ita ma haka ta fi so a ce. Aka yi ƙaho, aka yi sakiya, har gwiwar ta cika da tabo.

Ni aka bar wa shafa mai, kuma ban taɓa ƙorafi ba, domin sai hannuna na kan gwiwar take ba da labarin hanya. Gari bayan gari muka bi, muka ratsa Barno, muka daɗe a Sudan. A cikin labarin mun iso bakin teku ke nan, muna jiran jirgin ruwa, sai wata rana amai ya kama Kaka. Cikinta ya kumbura, ba ta iya zagayawa, ko ruwa ba ya zama.

Babana ya kai ta asibiti, ni da mahaifiyata muna biye. Likitan, wani ɗan Masar, ya tambayi yawan haihuwarta, aka ce masa da yawa. Ya miƙe ƙafar ya juya ta, Kaka ta yi ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ya naɗe ƙafar zuwa ciki, ciwon ya lafa. Bayan an ɗauki hoto ya ce wata irin ƙaba ce da ba a cika gani ba, sai ga tsofaffin mata ramammu. Hanji ne ya zurma cikin wata 'yar ƙofa a ƙashin ƙugu, ya danne jijiyar da ke sauka gwiwa. In ba a buɗe cikin an zaro shi yau ba, zai ruɓe.

Kaka ta ji haushin an ce ba hanya ba ce fiye da yadda ta ji tsoron wuƙa.

"Ban tako ƙasa mai tsarki don a feɗe ni ba," in ji ta. "Ku mai da ni gida."

Babana ya durƙusa yana "Inna, don Allah," ta juya masa baya. Ni kuwa kuka ya ci ƙarfina, na ce, "Kaka, ai har yanzu ba mu haye teku ba."

Ta juyo gare ni. "Wannan ƙawar tawa da naci take. Halas, shi ke nan, ku kira likitan."

Aka yi aikin, aka zaro hanjin da sauran ransa, aka ɗinke ƙofar. Gwiwa ba ta sake ciwo ba. Da ta ji ƙarfi na kawo mai, sai ta yi dariya ta ce in adana, mai lafiya ba ta kwanciya da la'asar. Ta koma kan gyaɗarta. Duk lokacin da na tambayi labarin teku sai ta ce, "Bukra, sai gobe, ƙawata, yau akwai kasuwa." Shekaru masu kyau ta ƙara yi tare da mu, kuma na gode wa Allah a kan kowace ɗaya.

Yanzu tawa gwiwar ke ciwo. Jikata tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, da na ce wash sai ta ɗauko makullin mota, "Yalla, asibiti." Gaskiyarta ce, na fi kowa sani. Sai dai in mun biyo ta bakin teku nakan roƙe ta ta rage gudu. Kewar Kaka ke kama ni a nan. Na san kowane gari da ta taka har zuwa wancan gefen ruwan, amma ban san yadda ta haye ba.