Agogon da Aka Haɗa a Kife

Ƙanena direban bas ne, ko in ce ya yi direban bas, don yanzu ya ajiye. A tashar da ya yi aiki ba wanda ya san shi da sunan da iyayenmu suka sa masa. Dozin ake ce masa. Yaran layinsu ma Baba Dozin suke kiransa, yana kuma amsawa da fara'a.

Ni gyaran takalma nake yi, rumfata tana bakin ƙofar tashar, don haka kusan duk abin da ya sayo a kan idona yake wucewa. Mutum ne da ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya yawon banza. In ya sauke fasinjan ƙarshe gida yake nufa. Matsalarsa ɗaya ce, hanyar gidan ta ratsa ta cikin kasuwa. Da zarar mai kaya ya ce masa, “In dozin za ka ɗauka akwai ragi,” to an gama da shi.

Ya taɓa sayo lema dozin guda. Ya sayo tocila dozin, bokiti dozin, silifas dozin duk lamba ɗaya, wadda ba ta shiga ƙafar kowa a gidan sai tasa. Shekarar da ɓera ɗaya ya addabe su a kicin ya sayo tarko dozin ya ɗana ko'ina. Ɓeran bai shiga ba. Babban yatsan Dozin ne ya shiga, har ya yi kwanaki yana taka birki da dunduniya.

Matarsa tela ce, Mai Keke muke ce mata. Mace ce mai haƙuri, amma bakinta ba ya ɓoye gaskiya. In ya shigo da kwali a kafaɗa sai ta tsayar da keken ta dube shi ta saman tabarau.

“Baban Auta, yau kuma me aka kashe mu da shi?”

“Ranki ya daɗe, ba kashewa na yi ba. Ragi na samu.”

“To sannu. Ragin za mu ɗora a wuta in wata ya yi nisa?”

Wata kuwa yakan yi nisa a gidan tun bai kai rabi ba. Albashinsa bai gaza na abokan aikinsa ba, amma su ne kullum a takure. Ƙarƙashin gadonsu ya cika, saman sif ya cika, bayan ƙofa ma ba a iya buɗe ta sosai. Sai dai in za a faɗi gaskiya, ba don kansa yake sayen ba. Dozin yana son ya ba mutum abu. Baƙo bai taɓa fita gidansa hannu sake ba. Kwandastansa ya auri mata da kofunan shayin da Dozin ya ba shi. Ni kaina na shekara ina goge baƙaƙen takalma da taka-tsantsan, saboda man takalmin da ya kawo mini dozin guda duk ruwan ƙasa ne.

Da idonsa ya fara rauni kamfani ya sallame shi da ɗan abin da za a riƙa ba shi duk wata. Abin bai taka kara ya karya ba. A nan ne Mai Keke ta karɓi sitiyarin gidan. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kawo ƙara wurina ba. Ta fito da duk abin da ke ƙarƙashin gado ta baje a tsakar ɗaki, ta ware na amfani, ta sayar wa maƙwabta abin da za su saya, sauran ta jera su da kyau ta ce wannan shi ne kantinsu. Daga ranar, duk wata kyauta da za a yi daga nan za ta fito. Takan ɗinka wa lema 'yar riga da ragowar yadi, ta yi wa tocila jaka mai zare, sai ka ga abu ya fito kamar daga babban kanti. Mutane har yabawa suke yi, Dozin yana gefe yana cewa, “Kin gani? Ai na san ranarsu za ta zo.”

Sannan ta kafa doka ɗaya.

“Duk abin da ka gani a kasuwa wanda ba shi aka aike ka ba, ka bar shi ya kwana a can. In gari ya waye yana nan a ranka, sai mu yi magana.”

“A bari ya huce shi ke kawo rabon wani,” in ji shi.

“To rabon wanin ne. Allah ya sa masa albarka.”

Abin mamaki, yawancin kayan da suka kwana a kasuwa ba sa tashi da shi da safe. Ya manta da su. Wani lokacin kuma yakan kasa, ya shigo da abu a ɓoye cikin riga ya ajiye a rumfata, sai ya ga fuskarta ta saki. Amma ta bar masa kwandon cefane, domin ta san abin da kasuwa take a wurinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gaisawa da fasinja tun safe har yamma, in ka zaunar da shi a ɗaki ka kashe shi da ransa. A kasuwa yake ganin mutane, a ja shi da wasa, ya ja wani.

Autarsu tana makarantar koyon aikin jinya. Tun farkon shigarta ta taɓa faɗa a gida cewa kullum sai ta ari agogon ƙawarta in za ta ƙirga bugun zuciyar marar lafiya, don agogo ake so mai ɗan siririn hannun nan da ke gudu. Dozin ya buga ƙirji ya ce ranar da ta gama shi zai ɗaura mata nata da hannunsa. A kantin ƙarƙashin gado kuwa akwai komai, ban da agogo.

Da gamawarta ta matso, Mai Keke ta kira ni. Na same ta ta fasa asusun da take jefa kuɗin ɗinki. Ta damƙa wa mijinta a gabana.

“Agogo ɗaya, mai kyau, wanda zai daɗe. Ba biyu ba. In ka dawo mini da kwali ko da tarkace, wallahi kwandon nan ya bar hannunka ke nan, ni zan riƙa zuwa. Yaya, don Allah ka raka shi. Motar nan ba ta da birki, kai ne birkin.”

Muka tafi. Tun daga bakin kasuwa ake kiransa. Mai robobi ya ce sabbin kaya sun iso, mai fitilu ya ɗaga masa hannu. Dozin ya sa hannu ɗaya a aljihu ya danne kuɗin, yana amsa gaisuwa da ɗayan, bai tsaya ba. Na ce a raina yau an dace.

A layin masu agogo ne abin ya so ya lalace. Masu kyaun, na cikin gilashi, kuɗinmu bai kai ko kusa ba. Muka shiga nan, muka fita can. Sai wani mai shago da ya san shi ya jawo wani kwali daga ƙasan tebur, cike da agogunan roba masu launi-launi.

“Baba Dozin, naka ne wannan. Abin da ke aljihunka ya isa duka kwalin, har da canji. In ɗaya ya tsaya ta ɗauki wani.”

Ya ɗauki ja, ya ajiye, ya ɗauki shuɗi.

“Yaya, ka duba fa. Ita ɗaya, ƙawayenta kowa ɗaya, kai ma ka samu.”

Ni ba mai yawan magana ba ne. Na dubi madaurin kawai, na lanƙwasa shi da yatsa, ya yi fari a wurin lanƙwasar. Na nuna masa. Ya ja dogon numfashi, ya mayar, ya ce wa mai shagon, “Bari ya kwana.” Muka fito yana share gumi kamar wanda ya hau tudu da lodi.

Can ƙarshen layi akwai mai tsofaffin kaya da ke baje hajarsa a kan buhu: kwaɗo da makullai, tabarau, caja, cokula marasa 'yan'uwa. A cikinsu Dozin ya hango wani ɗan agogon ƙarfe. Ba shi da madauri, sai gajeriyar sarƙa da fil a samanta. Ya ɗauka ya kara a kunne. Yana tafiya tsaf, siririn hannun yana zagayawa ba gargada. Yana da nauyi a tafin hannu, irin nauyin abin kirki. Amma da ya riƙe fil ɗin ya bar shi ya rataya, sai muka ga sha biyu a ƙasa, shida a sama.

“Kai, wannan ai a kife aka haɗa shi,” in ji Dozin.

“Kuskuren kamfani ne,” in ji mai kayan. “Shi ya sa ya daɗe a nan. Amma injinsa, Baba, ba irinsa a layin nan.”

Ni ma na karɓa na juya shi, na ga lallai a kife yake. Dozin kuwa ya samu abin da ya fi iyawa. Ya ce wa zai sayi agogon da sai mutum ya tsaya kai a ƙasa kafin ya san lokaci? Mai kaya ya ce to a juya mai agogon mana. Aka yi ta ja, ana dariya, har ya sallama a kan abin da bai kai rabin kuɗinmu ba.

Dabarar Dozin ita ce mu wuce wurin mai gyaran agogo, a cire sarƙar, a juya fuskar, a sa madauri. Har ya nufi can na riƙe masa hannun riga.

“Agogo aka aike ka, ka saya. Gyara wani kashe kuɗin ne daban. Shi ma ya kwana.”

“Haba Yaya, in kai mata shi haka?”

“Ka kai mata da canjinta. In ta yarda gobe mu dawo.”

Ba don na san wani abu na faɗa ba. Birki aka ce in zama.

Mai Keke ta karɓi canjin da murna, har ta fara sa masa albarka. Da ta ɗaga agogon ta fil sai murnar ta koma ciki. Ta juya shi, ta sake juyawa.

“Baban Auta, duk agogunan duniya ka rasa wanda za ka sayo sai mai ciwon wuya? Araha dai, araha dai. An ce maka araha ba ta ado.”

“Gyara kaɗan yake so, ranki ya daɗe.”

“Na ce mai kyau, ka kawo mini majinyaci. Yarinyar ta yi jinyar mutane ta yi ta agogo?”

Ta dubi kwandon da ke rataye a ƙusa, ta dube shi. Dozin ya zauna a bakin gado. Na so in sa baki, sai muka ji sallamar Auta. Ta zo daga makaranta a gwada mata farar rigar aikin da uwar ke ɗinkawa. Mai Keke ta yi wuf ta tura agogon ƙarƙashin yadi.

Auta ta gaishe mu, ta sa rigar, uwar tana kama kafaɗa da allurai a baki. Da Mai Keke ta ce a miƙo mata almakashi, yarinyar ta ɗaga yadin, agogon ya zamo ya faɗo a kan teburin keke.

Ihun da ta yi sai da maƙwabciya ta leƙo.

“Na waye wannan? Mama, na waye?”

“Naki ne,” in ji Dozin, murya ƙasa-ƙasa. “Amma ki yi haƙuri, ba a gama shi ba. Gobe za a juya...”

Ba ta saurare shi ba. Ta maƙala fil ɗin a ƙirjin rigar, wajen hagu, agogon ya rataya. Ta sa yatsa biyu ta ɗago shi, ta sunkuyar da kai ta duba.

“A juya me? Baffa, zo ka gani.”

Na zagaya bayanta na leƙa ta kafaɗarta. Sha biyu tana sama, shida tana ƙasa, komai daidai.

Ta ce ai haka ake yin na masu jinya. Ba a son komai a wuyan hannu, saboda wanke hannu ba ya ƙarewa, shi ya sa ake rataya shi a ƙirji, fuskarsa tana kallon mai shi. Ta ce irinsa ne a rigar babbar malamarsu, ta daɗe tana kallo ba ta taɓa sa ran samu ba.

Mai Keke ta cire alluran daga baki ɗaya bayan ɗaya. Dozin ya gyara zama, ya gyara hula.

“To ai ni na sani. Gwada ku nake yi.”

Tari ya kama ni, sai da aka ba ni ruwa.

Auta ta durƙusa a gabansa ta kama wuyan hannunsa, ta ɗago agogon da ɗaya hannun.

“Baba, da kai zan fara. Kai, zuciyarka gudu take yi!”

“Gangara ce, 'yar nan. Yanzu na sauko daga tudu.”

“To ka yi shiru, ina ƙirgawa.”

Mai Keke ta koma kan kekenta ta zare ƙoshiya ta duba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Baban Auta, gobe in za ka fita cefane, farin zare ya ƙare.”

Dozin ya waiwayo wurina, bakinsa har kunne.

“Yaya, ka ji ko?”

“Baba, ka daina motsi mana,” in ji Auta. “Ka sa na ɓata, sai na sake daga farko.”