Ranar da Baba Ya Je Kallon Shari'ata

Tun ina firamare a Bodinga Baba yake kirana Lauya. Mutanen gida sun ɗauka tsokana ce, don bakina ba ya mutuwa, ko an aike ni aka ce na daɗe sai na kawo hujja. Amma shi ba wasa yake yi ba. Kafin a haife ni an taɓa yin rigimar iyaka a kan lambunsa na fadamar Danchadi, abokin rigimar ya ɗauko lauya daga Sakkwato. Baba ya ce da mutumin nan ya miƙe, kotu ta yi tsit, har alƙali ya ajiye alƙalami. Da aka zo kansa, shi da ya san kowace kunya ta lambun, sai harshe ya ƙi juyawa. Aka yanke gefen da ke kusa da ruwa aka ba wancan. Bai taɓa zagin lauyan ba, sha'awa ma ya ba shi. Tun daga ranar burinsa ɗaya ne, ya zauna a benci ya ga jininsa ya miƙe gaban alƙali ana saurarensa.

Albasa da tattasai suka kai ni jami'a, su suka kai ni makarantar horar da lauyoyi. Ranar da aka rantsar da mu bai je ba, ƙafafunsa sun fara kumbura. Na kawo masa hoto, ga baƙar riga, ga farar hular gashin nan ta lauyoyi a kan hijabina. Ya duba ya miƙo mini.

"Wanga buki na," ya ce. "Ni aiki nika son gani."

Bayan bautar ƙasa na sami aiki a wani ofishin lauyoyi a Sakkwato, masu harka da 'yan kasuwa: dillalan taki, masu injin gyaran shinkafa, 'yan kwangila. Ranar farko babban lauyan ofishin, wanda kowa ke kira Oga, ya gaya mini cewa a wurinsu duk lauyan da ya bari magana ta kai gaban alƙali ya yi sakaci. Na yi murmushi kamar na yarda. Aka ba ni tebur kusa da injin kwafi. Aikina karanta yarjejeniya, rajistar kamfani, da neman inda aka manta waƙafi. Riga da hula suna rataye a bayan ƙofa cikin leda, ko gizo-gizo ya fi ni amfani da su.

Duk Asabar nakan hau mota zuwa Bodinga. In na gaishe shi a zaure, kafin in ajiye jaka tambayar ta iso.

"Lauya, yaushe za ki tsayuwa gaban alƙali?"

"Baba, mu namu aiki rubutu na. Muna gyara magana tun ba ta ɓaci ba."

"Rubutu? Awa akawu?"

Sai in ji raina ya ɓaci. Nakan yi masa dogon bayani, ya yi ta gyaɗa kai yana jan carbi, in na gama ya ce Allah shi yi albarka, Asabar mai zuwa kuma ya sake tambaya. A lokacin ya daina zuwa fadama, tari ya kama shi, babbar rigarsa ta fara yi masa yawa. Ina gani, shi ma ya san ina gani.

Ana nan sai wata ƙungiyar manoma ta Lambara ta kai ƙarar wani kamfani da muke wakilta, a wata ƙaramar kotu a Shagari. Kamfanin ya sayar musu da injinan ban-ruwa, wasu suka mutu tsakiyar rani. Ba wanda ke son tafiyar a ofis, sai Oga ya ce in je, tunda hanyar gidanmu ce. Na fita baranda na buga wa Baba waya. Na gaya masa a irin wannan kotun ba a sa hular gashi.

"Taho da ita dai," ya ce. "Ba a sani ba."

Da safe motar ofis ta tsaya a Bodinga. Mun same shi a bakin titi, ya sa farar rigarsa ta Idi da rawani, har da turare. Wai tun bayan asuba yake tsaye, kar mu wuce. A hanya ya riƙe ledar rigar da hular a cinyarsa da hannu biyu, yana nuna wa direba gonaki kamar shi ya raba su.

A Shagari na shigar da shi kotun na zaunar da shi a bencin gaba, na ce ya jira a kira mu. Na fito neman manajan kamfanin. Na same shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro suna cacar baki da shugaban manoman. Ina saurare na gane matsalar, don na girma ina jin Baba yana faɗa da irin injin nan: kashi ɗaya ne na kayan ya zo da lahani, sauran lafiyarsu lau. Manajan yana tsoron sunan kamfani ya ɓaci, manoman kuwa ruwa suke so kafin albasa ta ƙone. Na buga wa Oga waya, ya ce in an sami sulhu kar in bari ya kuɓuce. Na zauna a kan benci mai ƙafa uku na rubuta sharuɗɗan da hannuna, a canja injinan cikin mako. Lauyan manoman ya karanta, kowa ya sa hannu, sannan lauyan ya shiga wurin magatakarda ya janye ƙarar. Ba a ko kira ta ba.

Na san Baba yana ciki. Kowane layi da na rubuta na san abin da nake yanka. Amma albasar mutane tana bushewa, kuma shi ya koya mini abin da kwana biyu babu ruwa ke yi wa lambu.

Da na shiga, ana shari'ar wata akuya da ta ci dawar maƙwabci. Baba yana zaune ya miƙe wuya, ledar tana cinyarsa. Na taɓa kafaɗarsa muka fito.

"Mi anka yi? An ɗaga?"

"An shirya, Baba. Sun sasanta. Ni na rubuta."

Ya kalli ƙofar kotun. "Madalla," ya ce. "Sulhu alheri na." Sannan a hankali, "To ba ki tsayuwa ke nan?"

A mota Oga ya kira yana ta yabo, wai ni 'yar ofishinsu ce ta haƙiƙa. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona mini rai kamar wannan ba. Da muka isa gida na ce bari in sa rigar da hular a tsakar gida Baba ya gani. Ya girgiza kai, ya ce ba kayan wasa ba ne, akwai wata rana.

Damina ba ta faɗi ba ya rasu.

Ranar uku muna zaune a ɗakin Inna ana karɓar gaisuwa, sai ga gwaggona, ƙanwarsa da ke aure a Danchadi. Ta kama hannuna tana kuka.

"Ke ɗiyata, kin dai hid da shi kunya. Har Danchadi yat taho a bayan babur da ƙahwahun nan nai, don shi ba mu labari. Ya ce kin miƙe a Shagari da hular nan, kotu ta yi tsit, har alƙali ya aje alƙalami."

Matan ɗakin duk suka juyo suna kallona. Baba, wanda ko a cinikin albasa bai taɓa ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu ba. Labarin lauyan da ya ƙwace masa lambu ya ɗauka, ya cire mutumin, ya sa ni.

"Haka anka yi, ko?" in ji gwaggo.

Bakin nan nawa da ba ya mutuwa, na neme shi na rasa. Da ƙyar na ce, "Haka anka yi, Gwaggo."