Layin Allin Bappa

Jiya a Damilu na ga wata linta ta tsage a karkace kusa da ginshiƙi, sai Bappa, ƙanen babana, ya faɗo mini a rai.

Injiniya ne. Shekarun da aka fasa gadojin arewacin jiharmu, ya dage a sake gina su da rodin faiba, wanda ba ya tsatsa. A gidansa na Vinikilang yakan zuba bim, wato doguwar linta ta kankare mai rodin faiba a ciki, ya ja layin alli inda yake hasashen zai tsage, sannan a danne shi da inji.

Wata rana ana cikin gwajin wani bim, na ce, "Bappa, duk yawona ban ga mai gini don ya fasa ba sai kai."

Bim ɗin ya tsage tun nauyin bai kai lissafinsa ba. Ƙurar siminti ta cika mana baki.

Ya ce, "Ƙarfe yakan lanƙwasa ya gargaɗe ka, ɗana. Wannan ba ya sallama. Ba zan ɗora mutane kan lissafin nan ba tukuna."

Shi ma bai yi sallama ba. Bim ɗinsa na ƙarshe yana tsakar gida, ruwa ya wanke allin.

Allah ya ƙetarar da shi Siraɗi lafiya.